Ba duk ƙaton ƙashi ne na dainoso ba: ta yaya ake rarrabewa?

Malama Ramatu: Assalamu alaikum jama'a. Hotunan bango da ake sayarwa a kasuwar Kejetia ta Kumasi na koyar da yara sun haɗa dabbobi iri-iri an sa musu suna ɗaya, wai dainoso. Akwai mai fiffike, akwai mai dogon wuya a cikin teku, akwai mai doro tsaye a gadon baya. Na san ba dukansu ne dainoso ba. Abin da nake nema shi ne alamar da zan nuna wa 'yan aji su gani da idonsu, ba a ce musu su haddace kawai ba.

Malam Fuseini: Wa alaikumus salam Malama. Ukun da kika ambata babu dainoso a cikinsu. Ki fara da ƙugu, don nan ne aka fi saurin gani.

Ƙasusuwa uku ne ke haɗuwa su yi gurbin da kan ƙashin cinya ke shiga. A ƙadangare da damo gurbin nan a toshe yake, cinya kuma ta fito gefe, shi ya sa suke tafiya a baje suna karkaɗa jiki. A dainoso gurbin huje yake, ana hango wancan gefe ta cikinsa. Samansa akwai leɓen ƙashi da ke ɗaukar nauyi. Kan ƙashin cinya kuma ya lanƙwasa ciki, sai ƙafa ta sauko tsaye a ƙarƙashin jiki. Wannan tsayuwar tana da amfani babba. Ƙadangare idan yana gudu jikinsa na lanƙwasa dama da hagu yana matse huhu, sai ya ruga ya tsaya, ya ruga ya tsaya. Mai ƙafa a tsaye yana gudu yana numfashi.

Ba sai kin je gidan tarihi ba. Ƙugun kaza ko na zabo huje yake daidai haka, domin tsuntsaye daga cikin dainoso suka fito.

Hajiya Zenabu: Ramatu 'yata, idan za ki shirya ƙashin ki kai aji, ki nemi tsohon zakara ko zabo. Kajin gidan gona da ake yankawa suna da sati shida zuwa takwas ba su dace ba, ƙasusuwan ƙugunsu ba su gama haɗewa ba, suna jin zafi za su rabu. Ki ce wa mai yanka ya bar miki gadon baya da cinya ɗaya a haɗe, kada ya sara. Ki dafa a ƙaramar wuta kamar awa ɗaya, ruwan na motsi amma ba tafasa mai ƙarfi ba, don ita ke tura mai cikin ƙashi ya yi ta wari daga baya. Ki cire nama da tsinke da tsohon burushin haƙori. Akwai siririyar fata da ta rufe hujin gurbin, ki tsokale ta, in ba haka ba za ki ɗauka a toshe yake. Sai ki jiƙa shi kwana biyu ko uku a ruwan sabulun wanke kwanuka kina sauya ruwan, sannan ya kwana a ruwan haidirojin na wanke ciwo, mai kashi 3 cikin 100. Kada ki sa bilic. Yana farar da ƙashi nan take amma yana cin sa, bayan 'yan watanni sai ya riƙa zuba gari. Ki shanya a inuwa.

Abdul Basit: Yaya Fuseini, ina ganin ƙugu shi kaɗai zai iya ɓatar da mutum. A zamanin Tirayasik, lokacin da dainoso na farko suka bayyana, akwai dangin kada da su ma suka miƙe tsaye. Effigia misali ce. Ƙafa biyu take tafiya, wuya dogo, hannu gajere, baki ba haƙori. Duk wanda ya ga zanenta zai rantse dainoso ce mai siffar jimina. An haƙo ta a Ghost Ranch ta jihar New Mexico a Amurka wajen 1947, ta zauna cikin filasta a gidan tarihi na New York shekaru da dama ba a buɗe ba, sai a 2006 Sterling Nesbitt da Mark Norell suka raɗa mata suna. Kuma wasu daga cikin danginta gurbin ƙugunsu ya ɗan buɗe.

Malam Fuseini: Gaskiya ne ƙanena, shi ya sa na ce a fara da ƙugu, ban ce a tsaya nan ba. Amma tsayuwar tasu daban ce. Su ƙashin ƙugun ne ya kifo ta sama ya rufe kan cinya, cinyar ta tokare shi daga ƙasa. Dainoso kuwa cinyar ce ta lanƙwasa ta shiga ta gefe. Abin da ya raba gardama a kan Effigia shi ne idon sawu.

Manyan ƙasusuwa biyu ne a idon sawu. A dangin kada, ɗaya ya manne da ƙwauri, ɗayan ya bi tafin ƙafa, gaɓar tana juyawa a tsakaninsu, kuma akwai tsinin dunduniya da ya fito baya inda jijiya ke kamawa. A dainoso duka biyun sun manne da ƙwauri, gaɓar ta koma ƙasa da su, tana buɗewa gaba da baya kawai ba ta murɗawa. Malama, ki ɗauki ƙashin ƙwaurin kaza ki duba ƙarshensa na ƙasa, wurin nan mai santsi da ya yi tudu biyu. Ƙasusuwan idon sawu ne suka narke suka haɗe da shi. Abin da yara ke cewa gwiwar kaza da ke lanƙwasa baya, idon sawu ne. Gwiwar gaske tana sama a ɓoye cikin gashi.

Kawu Mumuni: Ni a wurina kun fara daga tsakiya. Yaro ba zai gane amfanin ƙugu da idon sawu ba sai ya san ina rassan suka rabu. A fara da ƙoƙon kai.

Bayan ramin ido akwai ƙofofi inda naman muƙamuƙi ke kamawa. Mai doro ɗin nan da Ramatu ta ambata Dimetrodon ne. Ƙofa ɗaya gare shi a kowane gefe, daga ƙasa. Rago ma haka, mu ma haka. Idan Layya ta zo ku duba kan rago bayan an cinye naman, za ku ga ƙofa ɗaya bayan ido wadda ƙashin kumatu ya yi wa iyaka. Kada kuwa biyu gare shi, ɗaya a saman kai, ɗaya a gefe. Dainoso biyu, teroso masu fiffike biyu. To Dimetrodon ɓangarenmu yake, ɓangaren masu shayarwa, ko da yake ba shi ne kakanmu kai tsaye ba. Ya rayu a zamanin Famiyan, daga wajen shekaru miliyan 295 zuwa 272 da suka wuce, akasarin ƙasusuwansa daga Texas da Oklahoma. Dainoso na farko da aka tabbatar, irin su Eoraptor da Herrerasaurus na Ajantina da Mbiresaurus na Zimbabuwe, wajen shekaru miliyan 230 ne. Tsakaninsu akwai kusan miliyan 40. Ko haɗuwa ba su yi ba.

Hajiya Zenabu: Yaya Mumuni, a ƙirgar ƙofa akwai inda ake zamewa, gara a faɗa mata. Iktiyoso da pilesiyoso na teku su ma ƙofa ɗaya ake gani, amma ta sama ce, ta ƙasan ce ta ɓace musu. Kunkuru ba shi da ko ɗaya, shekaru da yawa ana ajiye shi can gefe saboda haka, sai binciken ƙwayoyin gado ya nuna ya fi kusa da kada da tsuntsu a kan ƙadangare. A kaza kuma ƙofofin sun haɗe da ramin ido, yaro ba zai iya ƙirga su ba. Don haka ni ina tare da Fuseini, abin da hannu zai taɓa a aji shi ne ƙugu da ƙwauri.

Kawu Mumuni: Taɓawa daban, fahimta daban, Hajiya. A zana musu itace mai rassa a allo tukuna. Reshe na farko ya ware masu ƙofa ɗaya. Na biyu ya ware ƙadangare da maciji. Abin da ya rage ya rabu biyu, gidan kada da gidan tsuntsu. Teroso da dainoso duk suna gidan tsuntsu, amma kowa da ɗakinsa. In an yi wannan, duk dabbar da aka kawo yaro zai tambayi ina take rataye.

Alhaji Issaka: Malamai, akwai abin da bai kwanta mini ba. Kada yana da ɓawo, yana jan ciki, jininsa bin zafin rana yake, daidai da damo. A ce ya fi kusa da kaza a kan damo? Wanda ya je Paga a arewacin Gana ya ga kadojin nan kwance a bakin tafki ba zai karɓi wannan da sauƙi ba.

Malam Fuseini: Ranka ya daɗe Alhaji, ɓawo da sanyin jini tsohon gado ne, duk masu jan ciki sun taso da shi, don haka ba ya nuna wa ya fi kusa da wa. Abin da ake nema shi ne sabon abu da biyu suka yi tarayya a kai ban da saura. Zuciyar kada ɗaki huɗu ce kamar ta tsuntsu, ta damo ba ta rabu haka ba. Kada na da ƙundu mai niƙa abinci. Haƙoransa a cikin rami suke zaune, kamar na dainoso, na damo kuwa manne suke a jikin muƙamuƙi ta ciki. Uwar kada tana gina sheƙa, tana gadi, 'ya'ya na kiranta tun suna cikin ƙwai ta zo ta tone su. Ga kuma iska da ke bi ta huhunsa hanya ɗaya, irin na tsuntsu.

Abdul Basit: Na ƙarshen nan a cire shi daga hujja, Yaya. An gano shi a kadan Amurka a 2010, amma bayan 'yan shekaru aka same shi a huhun damo ma. Ke nan shi ma tsohon gado ne. Sauran suna nan daram, ƙwayoyin gado kuma sun goyi bayansu.

Alhaji, kadan yau ragowar babban gida ne. A Nijar kaɗai an haƙo iri-iri. Sarcosuchus na Gadoufaoua a hamadar Tenere, wanda France de Broin da Philippe Taquet suka raɗa wa suna a 1966, kansa kaɗai ya kai mita 1.6. Da farko an ƙiyasta tsawonsa mita 11 zuwa 12, lissafin baya ya sauko da shi wajen mita 9. Layukan girma a ɓawon bayansa sun nuna yana ɗaukar shekara 50 zuwa 60 kafin ya cika. An samu ɗan'uwansa a Barazil, domin a lokacin gaɓar Afirka ta Yamma da ta Barazil ba su gama rabuwa ba. Akwai Kaprosuchus mai haure uku-uku a kowane gefe, akwai Anatosuchus mai faffaɗan baki. A wuri ɗaya da Sarcosuchus aka samu Suchomimus, wanda bakinsa dogo ne siriri na kamun kifi kamar na kada, amma ƙugunsa da idon sawunsa na dainoso ne. Nigersaurus mai haƙora sama da 500 da Ouranosaurus su ma dainoso ne na gaske daga wannan ƙasa.

Malama Ramatu: Allah Ya saka da alheri. To na tekun fa? Su ne yara suka fi tambaya.

Hajiya Zenabu: Gida uku ne daban-daban, kuma kowanne daga tudu ya koma ruwa a nasa lokacin. Iktiyoso sun ɗauki siffar kifi, suna haihuwa ba sa ƙwai, an samu uwaye da 'ya'ya a ciki a duwatsun Holzmaden na Jamus. Sun ƙare wajen shekaru miliyan 90 da suka wuce, tun dainoso na cikin ganiyarsu. Pilesiyoso su ne masu filafilai huɗu, Mary Anning ta haƙo cikakke na farko a Lyme Regis ta Ingila a 1823. Na uku mosaso, kuma nan ya kamata mu tsaya, don akwai namu.

Goronyosaurus sunansa daga Goronyo ta ƙasar Sakkwato yake. A ƙarshen zamanin Kiretashiyas, zamani na ƙarshe na manyan dainoso, wani hannun teku ya ratsa inda Sahara take yau, ya malale yankin Sakkwato da kudancin Nijar. An fara bayyana ƙasusuwansa a 1930 a matsayin wani nau'in Mosasaurus, sai masanan Italiya suka ware shi da sunansa a 1972. Mosaso dangin damo da maciji ne. Alamar tana cikin baki. Suna da jeri na biyu na haƙora a ganɗa, kuma muƙamuƙin ƙasa yana da gaɓa a tsakiyarsa da ke ba shi damar buɗewa gefe ya haɗiye babban abu. Masana sun rabu kan ko damo ya fi kusa da su ko maciji, amma babu mai kai su gidan dainoso. Alhaji, ga inda damonka ya samu babban ɗan'uwa.

Alhaji Issaka: Wannan ya shiga, Hajiya. Maganar kaza ce har yanzu nake juyawa, amma zan sa a ajiye mini ƙugun zabo in duba da kaina.

Abdul Basit: A kan dogon wuya akwai abin da zai burge 'yan aji. Hanya biyu ake tsawaita wuya: a ƙara yawan gaɓoɓi, ko a ja kowace gaɓa ta yi tsawo. Elasmosaurus, wanda pilesiyoso ne, gaɓoɓin wuyansa sun haura 70. Tanystropheus na tsaunin Monte San Giorgio, kan iyakar Suwizalan da Italiya, wuyansa mita 3 ne a jikin da bai wuce mita 6 ba, amma gaɓa 13 kacal. Raƙumin dawa 7 gare shi, daidai da mu. Duka biyun sun rikita masana. Edward Drinker Cope a 1868 ya ɗora kan Elasmosaurus a ƙarshen wutsiya, don bai zaci wuya zai fi wutsiya tsawo ba. Francesco Bassani a 1886 ya ɗauki gaɓoɓin wuyan Tanystropheus ƙasusuwan fiffike ne, ya ce dabbar mai tashi ce. Tanystropheus ya rayu wajen shekaru miliyan 242 da suka wuce, reshensa ya fita kafin gidan kada da na tsuntsu su rabu. A 2023 an nuna wasu guda biyu da wani abu ya datse musu wuya da cizo, kai da guntun wuya kawai suka rage.

Zamanin Tirayasik cike yake da irin waɗannan. Sharovipteryx na Kirgistan fatar shawaginsa a ƙafafun baya take. Drepanosaurus yana da ƙambori a ƙarshen wutsiya da wani ƙato a yatsa na biyu. Faitoso sun yi kama da kada sak, sai dai hancinsu na kusa da ido, na kada kuwa a ƙarshen baki.

Malam Fuseini: Mai fiffike ya rage. Teroso su ne mafi kusa da dainoso a duk waɗanda aka lissafa, amma ba tsuntsaye ba ne kuma ba su haifi tsuntsaye ba. Fiffikensu fata ce da yatsa na huɗu shi kaɗai ya ɗauka, ya yi tsawo ƙwarai, sauran ukun ƙanana ne masu farce. Jemage yatsu huɗu ya shimfiɗa wa fata. Tsuntsu yatsunsa sun haɗe, gashi ne ke aikin. Teroso suna da wani siririn ƙashi a wuyan hannu da babu dabbar da ke da irinsa, kuma gurbin ƙugunsu a toshe yake. Mafi girma, irin Quetzalcoatlus da aka gano a Texas a 1971, faɗin fiffikensa mita 10 zuwa 11.

Ko idon sawun da na yi bayani yana da iyaka. Teleocrater na Tanzaniya, wanda aka bayyana a 2017, yana gidan tsuntsu amma ƙafa huɗu yake tafiya da idon sawu irin na kada. Shi ya sa masu aikin ba sa yanke hukunci da alama ɗaya. Sukan jera alamomi ɗaruruwa, kowace dabba a rubuta tana da shi ko babu, kwamfuta ta nemo itacen da ya fi dacewa da su duka. Haƙori shi kaɗai shi ya fi yaudara. Revueltosaurus an daɗe ana lissafa shi dainoso mai cin ganye saboda haƙoransa, sai da aka samu sauran jikin a 2005 aka ga ɗan gidan kada ne.

Malama Ramatu: Tambaya ta ƙarshe, Kawu. Yara za su ce me ya sa ake samu a Nijar da Sakkwato, mu nan Kumasi shiru?

Kawu Mumuni: Shekarun dutse ne, 'yata. Ƙashi na zama burbushi ne idan laka ko yashi ya binne shi da wuri, ya taru ya zama dutse mai hawa-hawa, kuma dutsen ya kasance na zamanin da dabbar ta rayu. Duwatsun da ke ƙarƙashin Kumasi da Obuasi, waɗanda ake haƙar zinariya a cikinsu, sun haura shekaru biliyan 2. Lokacin babu dabba ko ɗaya a duniya, kuma zafi da matsi sun riga sun sauya su. Duwatsun kwarin Volta su ma sun girmi masu jan ciki nesa. A gaɓar Accra akwai na zamanin Diboniyan, wanda shi ma ya riga masu jan ciki, masu burbushin ƙananan halittun teku. Na Kiretashiyas suna can kudu maso yamma wajen kwarin Tano da kuma kudu maso gabas wajen Keta, yawancinsu a binne ko ƙarƙashin teku, inda ake haƙar mai. Ga daji da ruwan sama da ke rufe ƙasa suna ruɓar da dutse. A Tenere kuwa dutsen na daidai zamanin ne, iska ta share shi, ƙashi na kwance a fili.

Shekarun kuma ba a jikin ƙashin ake auna su ba. Awon kabon 14, wanda ake auna shekarun tsofaffin ƙasusuwa da shi, ba ya wuce wajen shekara 50,000. Ana neman shimfiɗar tokar dutse mai aman wuta a sama da ƙasan inda ƙashin yake, a tsamo ƙwayoyin zirkon, a auna yawan yuraniyam da ya rikiɗe ya zama darma. Ƙashin na tsakanin lambobin biyu. Inda ake kuskure shi ne idan ruwa ya kwaso tsohon zirkon daga wani dutse ya zuba a wurin, sai lissafi ya ba da shekarun da suka wuce na gaskiya. Don haka ake auna ƙwayoyi da yawa a dogara da mafi ƙuruciya a cikinsu.

Abin da muke da shi a kusa wanda zai taimake ki shi ne tafkin Bosumtwi, kilomita 30 kudu maso gabas da gari. Dutse ne daga sama ya faɗo ya haƙa shi kimanin shekara miliyan 1 da ta wuce, faɗin ramin kilomita 10.5. Dutsen da ya faɗa Chicxulub ta Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce, shi kansa faɗinsa ya kai kusan na ramin Bosumtwi gaba ɗaya, ramin da ya bari kuma wajen kilomita 180. Shi ya tafi da teroso da mosaso da pilesiyoso da duk dainoso in ban da tsuntsaye. Kada da kunkuru da ƙadangare sun tsallake. In za ki kai yara, ki tsaya da su a kan tudu kafin gangarar Abono, daga nan ake ganin da'irar bakin ramin sosai.